Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Aikin Gona Na Jihar Kano: A Horar Da Matan Da Ke Koyar Da Adana Abinci Don Allah

Mai girma Kwamishina,

Na rubuto ne da buƙata guda ɗaya. Ina roƙon ma'aikatarka ta ɗauki nauyin horar da matan da suke koyar da adana abinci a unguwanni da ƙauyuka ba tare da albashi ba, ta jarraba su, ta ba su shaida, ta kuma haɗa su da masanan da za su riƙa tambaya idan abu ya shige musu duhu. Ni ɗaya ce daga cikin waɗannan mata. Malamar makaranta ce ni mai ritaya, darasin kula da gida na koyar, kuma tun da na ajiye alli nake zama da matan aure a wata Islamiyya bayan an tashi karatu, muna yanka tumatir, muna shanya ganye, muna koyon ɗaure buhun wake. Na sa wasiƙar a jarida ne domin ire-irena suna da yawa, kowace tana fama a lungunta, kuma ina so su ji an yi maganarsu.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin abin da ke faruwa a Kura da Bunkure da Garun Malam idan sanyi ya shigo. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka ja ruwa zuwa filayen Kadawa, noman rani ya zama abin da ke riƙe da dubban gidaje a wannan yanki. Daga Janairu zuwa Maris tumatir yakan nuna kusan lokaci guda, kwanduna su cika Kwanar Gafan da 'Yankaba, motocin Legas su kwashi abin da za su iya, ragowar kuma ta kwana ta tashi tana tsiyayar ruwa. Akwai ranar da manomi zai lissafa kuɗin masu tsinka da na kwando da na mota, ya ga barin tumatirin a gona ya fi masa sauƙi. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne fiye da kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Nijeriya yana lalacewa kafin ya shiga tukunya. Da damina ta kankama kuma, matar wannan manomin da kanta za ta aiki yaro kanti sayen tumatirin leda, ta raba shi miya biyu.

An sa rai masana'anta za ta share wannan hawaye. Kamfanin Ɗangote ya buɗe tasa a Kadawa a 2016, mai ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, a shekarar kuwa tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, tun daga nan masana'antar take yi tana tsayawa. Ina yi mata fatan ɗorewa. Amma ko da dare da rana take aiki, ba za ta shiga madafar wata baiwar Allah a Rano ko Gwarzo ta adana mata rabin kwandon da maigida ya shigo da shi ba, ko waken da ta samu a gonar gado, ko zogalen bayan ɗaki. Wannan abinci a gida yake lalacewa, a gida kuma za a cece shi. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A irin wannan hali, duk mudun da ƙwari suka huda abincin yara ne aka rasa.

Wani zai ce, wa zai koya wa Bahaushiya adana abinci? Tambayar tana da hujja. Iyayenmu sun yi kauɗa, sun daka busasshiyar kuɓewa, sun tanadi kuka da kalkashi da gabu. Sun mayar da kalwa daddawa mai shekara ba ta yi komai ba. Kilishi da dambun nama sun raka matafiya, man shanu soyayye ya daɗe a kwalba, wake ya kwanta cikin toka ko yashi, gero da dawa suka shiga rumbu a damminsu, wato dabarar barin hatsi a zangarniyarsa da Annabi Yusuf, Alaihis Salam, ya ba mutanen Masar. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a ajina waɗanda suka fi kowa sani tsofaffi ne. Sau da yawa ni ce ke zaune ina saurare. Sai dai zaman ya canza. Yarinyar da ta tashi a ɗakin haya a Kurna ko Sheka ba ta taɓa ganin cikin rumbu ba, tsakar gidansu ba ta isa shanya ba, kakarta tana ƙauye. Ranar da aka kai ta ɗakinta, malamarta waya ce. Abin da ta gani a TikTok ko aka turo mata a WhatsApp shi take yi, kuma a nan hankalina ya fi tashi.

Bari in ba ka misalin da ya fi kowane yaɗuwa yanzu, wato tumatirin kwalba. Ana markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa a haɗe, a dafa su yi kauri, a ɗura a kwalaben Bama da aka wanke, a rufe, a tafasa kwalaben cikin ruwa na ɗan lokaci, a jera a ƙarƙashin gado. Wasu kuma sukan barbaɗa garin sinadarin hana lalacewa da aka sayo a kasuwa, ba awo ba ma'auni. Niyyar mai kyau ce, dabarar ma tana da asali. Matsalar ita ce akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a cikin ƙasa, wadda ke haddasa gubar da likitoci ke kira botulizim. Irinta ba ya mutuwa da tafasasshen ruwa, domin ruwa ba ya wuce digiri 100, shi kuwa sai an kai kusan digiri 120, zafin da ba a samunsa sai da tukunya ta musamman mai riƙe tururi. Inda take son tsira kuwa shi ne wurin da babu iska kuma babu tsami, wato daidai cikin rufaffiyar kwalba. Abin da ke kare tumatir shi ne ɗan tsaminsa, shi ma a bakin iyaka yake, shi ya sa masana suka ce a ƙara babban cokali biyu na ruwan lemon tsami a kowace lita, a kuma tafasa kwalbar ruwa ya rufe ta har kusan minti 50 a wuri mai tudu irin Kano. Tattasai da albasa ba su da wannan tsami. Da zarar an haɗa su da yawa, kariyar ta tafi. Gubar kan iya kasancewa a ciki ba tare da wari ko kumfa ba. Wanda ya ci zai fara gani biyu-biyu, fatar idonsa ta saki, haɗiya ta gagara, daga nan jiki ya shanye har numfashi ya tsaya. A garuruwanmu da wuya wani ya danganta wannan da kwalbar ƙarƙashin gado. Shafar iska za a ce, a nufi mai ruƙiyya, lokacin asibiti ya wuce.

Gaskiya ne muna da wata kariya da Allah ya ba mu: miyarmu tana daɗewa a wuta, kuma tafasa sosai na minti goma yana kashe gubar. Amma uwargida takan ɗanɗana da yatsa ta ji ko bai lalace ba, yaro yakan lashi cokali. Saboda haka abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne tumatir zalla a kwalba, da lemon tsaminsa, tattasai da attaruhu kuma a shanya su daban. Duk da haka, ranka ya daɗe, waɗannan ma'aunai da na kawo an auna su ne a ƙasashen waje, da kwalabensu masu murfi na musamman da ruwan lemon da aka daidaita tsaminsa a masana'anta. Mu da tsohuwar kwalbar Bama muke aiki, da murfin da ya sha buɗewa, da lemon tsamin bakin kasuwa, da murhun gawayi. Ya kamata wani mai ɗakin gwaje-gwaje ya auna namu, ya ce mana ga abin da ya halatta ga wanda bai halatta ba. Muna da Jami'ar Bayero da cibiyarta ta noma a busassun yankuna, muna da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil mai sashen kimiyyar abinci, ga kuma ofishin Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Ƙasa, wato NSPRI, a nan Kano. Ilimin yana cikin gari. Hanyar da zai bi ya iso tsakar gida ce babu.

Maganar wake kuwa ta riga ta zama abin kunya a idon duniya. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Turawa sun ƙi ci, mu muna ci. Har yanzu akwai gidajen da ake yayyafa wa wake fiya-fiya a ɗaure, akwai masu jefa ƙwayar nan mai fitar da iska mai guba cikin buhu su jingine shi a ɗakin da yara ke kwana. Ba mugunta ke sa su ba, tsoron asara ne, kuma ba wanda ya zauna da su ya nuna musu wata hanya. Alhali hanyar tana nan, ba ta buƙatar ko ɗigon magani. Buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru, leda biyu ce mai kauri cikin buhu na uku. A ɗaure kowace daban, ƙwarin su shanye iskar da ke ciki su mutu. A nan Kano ma ana sarrafa shi. Wadda wakenta bai kai buhu ba, jarka mai tsabta ta ishe ta, ta cika ta har baki ta toshe murfin. Sharaɗin kawai waken ya bushe ƙarau, a kuma daina buɗewa kullum ana ɗiba. Akwai ma gwaji mai sauƙi: a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin a busasshiyar kwalba a girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar to akwai sauran danshi. Wannan darasi a zama ɗaya ake gama shi, amma sai an ga hannu yana ɗaurewa. Sanarwar rediyo ba ta koya wa mutum ɗauri.

Haka shanya. Duk wanda ya bi hanyar Zariya da rani ya ga tumatir baje a ƙasa, ƙura tana sauka, awaki suna ratsawa, dare ya yi ɓeraye su karɓi aiki, kuma ta fitsari da kashin ɓera ake ɗaukar zazzaɓin Lassa. Gadon kara mai tsayi da tsohon gidan sauro mai tsabta a sama sun isa su canza wannan kauɗa ta zama ja mai kyau da za ta fi daraja a kasuwa. Ganye irin zogale da rama kuwa inuwa mai iska suke so, rana tana ƙone musu launi da sinadarin da ke gyara ido. Gyada da masara idan suka sha danshi suka yi funfuna, suna tara gubar afulatoksin mai lalata hanta da tsumburar da yara, kuma dahuwa ba ta kashe ta. A 2004 wannan guba ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masarar da aka adana da danshi. Mu a nan gyadar da aka tsince aka ware saboda ta lalace, sau da yawa ita ce ke komawa ƙuli-ƙuli, yara su saya a ƙofar makaranta.

To me ya sa na nace a kan mata 'yan sa kai, alhali akwai malaman gona? Saboda malaman gona ba su da yawa, galibinsu maza ne, kuma gonar suke zuwa. Abincin da nake magana a kai yana bayan zaure, inda aka rubuta "ba a shiga". Mace ce kaɗai za ta yi sallama ta wuce, ta zauna a tabarma, ta buɗe kwalbar ta duba, ta faɗi gaskiya ba tare da an ji kunya ba. Kano ta san wannan tun ba yau ba. Lokacin da rigakafin shan inna ya ci tura, matan unguwa aka ɗauko aka horar, suka riƙa bin gida-gida, suna zuwa suna da biki, har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin nau'in cutar a 2020. Kafin nan, a 1980, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya, irinta ta farko a jihohin Nijeriya, har ta samu lambar yabo ta UNESCO. Koyar da manya a inda suke zaune gadonmu ne a jihar nan.

Ina kuma tuna marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane. Ya saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana tashi yana tafiya da zafi, cikin ya yi sanyi ba da lantarki ba. Gautan da ke yaushi a kwana 3 ya kai kwana 27. Da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina dubban tukwanen farko ya raba a ƙauyuka, ya shirya wasan kwaikwayo aka ɗauka a bidiyo ana haskawa da dare domin mutane su gane. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex, dabararsa ta kai har Sudan. Yau ka shiga gidaje da yawa a cikin birnin nan ka tambayi amare, ba su taɓa jin labarinta ba. Dabara ba ta yawo da ƙafarta, sai da mai ɗaukar ta, kuma mutum ɗaya komai himmarsa yana da iyaka idan babu hukumar da za ta ci gaba daga inda ya tsaya.

A wasu jihohin Amurka, irin su Washinton da Kalifoniya, sassan jami'o'i masu wayar da kan manoma suna da tsari na musamman a kan wannan. Mai sha'awa zai yi makonni ana koya masa adana abinci, ya ci jarrabawa, sannan ya biya da sa'o'in koyarwa kyauta a yankinsa, kuma ba a yarda ya koyar da wata hanya ba sai wadda aka gwada aka tabbatar. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne abin da nake so mu ɗauka. Mai koyarwa don Allah tana da kwarjini a unguwa, abin da ta faɗa ana ɗauka ba gardama, saboda haka kuskurenta ya fi na kowa yaɗuwa. Kyakkyawar niyya ba ta hana guba tsira a kwalba.

Abin da nake roƙo bai wuce ƙarfin ma'aikatarka ba. Hukumar raya aikin gona ta jiha, wato KNARDA, tana da sashen mata a harkar noma. A ba shi jagorancin shirin. A sa masanan da na ambata su zauna da tsofaffin da suka iya, su gwada hanyoyinmu da kayanmu, su fitar da ɗan littafi da Hausa, da boko da ajami, mai hotuna da yawa, awonsa kuma da cokali da gwangwani da mudu. A fara da ƙananan hukumomin da ke noman rani da wasu unguwannin birni, a horar da mata kaɗan daga kowace mazaɓa na mako ɗaya ko biyu, da hannu ba da lacca ba. Wadda ta ci jarrabawa a ba ta katin shaida da za ta nuna wa mai unguwa da magidanta, a ba ta kayan nuni: buhun PICS, kwalabe, raga, tukwane biyu. A ware lambar waya da masani zai riƙa ɗauka, domin tambayoyin da ke zuwa mana a aji sukan fi ƙarfinmu. Ajin ma ba sai an gina ba. Islamiyyu suna hutun Alhamis da Juma'a, cibiyoyin mata na Hukumar Ilimin Manya suna nan, gidajen masu unguwanni a buɗe suke.

Wajen zaɓe nake so a yi taka-tsantsan. Idan aka ce 'yan siyasa su kawo sunaye, shirin ya mutu tun ranar farko, domin za a turo masu neman kuɗin zama, a ɗauki hoto, a watse. A tambayi shugabannin Islamiyyu da ungozomomi da ƙungiyoyin mata na unguwa, su sun san wadda ake zuwa wurinta tambaya tun kafin a yi zancen gwamnati. Ba ma neman albashi, kuma ina ganin sa albashi zai jawo waɗanda ba aikin ne a ransu ba. Amma a biya kuɗin mota da na kayan gwaji. Bai dace bazawarar da ke riƙe da marayu ta ba da lokacinta, sannan ta sayi tumatirin darasi da kuɗin cefanenta ba, kuma wannan ne ke sa da yawa daga cikin masu himma suke gajiya su bari. A kuma riƙa kiran su sau ɗaya a shekara ana sabunta musu ilimi, ana jin abin da suka gani a gidaje, domin rahotonsu zai amfani ma'aikatar lafiya kamar yadda zai amfani taka.

Ranka ya daɗe, wannan aiki yana da lokaci. Wake da gyada suna shiga gida da kaka, tumatir yana cika kasuwa daga Janairu, kuma darasin da aka yi bayan kaya sun wuce sai wata shekarar zai yi amfani. Ina roƙonka ka kira shugabannin KNARDA da na NSPRI da malaman jami'o'in nan biyu ku zauna tun yanzu, ka kuma gayyaci wasu daga cikinmu mu faɗi abin da muke gani, domin rukunin farko ya gama horo kafin kwandon farko ya sauka a Kwanar Gafan. Mu a shirye muke, lokacinmu kuma mun ba da shi kyauta.

Allah ya yi maka jagora, ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana zuri'a.

Wassalam.

Taka mai fatan alheri,
Malamar makaranta mai ritaya, Kano.